Ƙarfin na'ura ne ke jawo kamfanonin gem, ko yawan masu saye?

Wani ƙanena daga Daura, wanda ke shirin buɗe gidan gem, ya aiko mani da tambaya kamar haka: "Yaya, abokina ya ce in daure in sayi na'urar da ta fi kowace ƙarfi, wai kamfanoni irin su EA da Rockstar mai ƙarfi kawai suke yi wa gem. To amma na ji an ce Nintendo Switch ta fi PS4 sayuwa, kuma ba a kai mata GTA V ko Call of Duty ba. Ƙarfin ne ke jawo su ko me? Sannan PS4 ɗin da nake son saye, yaushe za a daina yi mata ƙwallo?"

To ƙanena, abokinka ya kama wutsiyar maganar ne, ya bar kan. Tun zamanin PS2 nake kwance waɗannan na'urori ina ɗaurewa a nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, na kuma riƙe gidan gem na wasu shekaru, don haka zan ba ka amsar kamar muna zaune a benci a ƙofar shago.

Ka fara raba kamfanonin gida biyu. Akwai masu gida, wato Sony mai PlayStation (PS), da Microsoft mai Xbox, da Nintendo mai Switch, su ke ƙera na'urar, kuma suna da gem nasu na kansu. Mario da Zelda na Nintendo ne, ko na'urarsu ta zama kamar akwatin ashana a can za su fito. Sannan akwai 'yan waje: EA, Ubisoft, Capcom, Konami, Take-Two mai Rockstar, da sauransu. Waɗannan ba su da na'ura, rumfa suke kamawa a kasuwar wani. Duk gem ɗin da suka sayar ta shagon intanet na mai na'ura, a al'ada kusan kashi 30 cikin 100 na mai gida ne. Su fatake ne, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ka ɗauki ƙarfin na'ura kamar faɗin ƙofar gari. In ƙofa ta yi faɗi, tirela za ta shige da kayanta ba tare da an sauke komai ba. In ta yi ƙunci, sai an sauke kaya an raba su a kura da a-kori-kura, an biya 'yan dako, wani kayan ma a bar shi a waje. Amma faɗin ƙofa ba shi ke sa falke ya taso daga garinsu ba. Abin da ke tayar da shi, cikar kasuwar da ke bayan ƙofar. In kasuwa ta cika, zai biya 'yan dakon yana murmushi. In ba kowa, ko ƙofar ta kai filin jirgi ba zai leƙo ba.

Ga hujjar da na fi so, don ta shafi ƙwallon da kake tambaya. PS2 ta fito a 2000. A shekarar da ta biyo, Xbox ta farko da GameCube ta Nintendo suka fito, dukansu sun fi ta ƙarfi, Xbox ma da nisa. Amma PS2 ta sayar da sama da miliyan 155, Xbox ta tsaya wajen miliyan 24, GameCube wajen miliyan 22. Ina kamfanonin waje suka tare? Wajen mai rauni. Har gem ɗin da ke fitowa a duka ukun, da awon PS2 ake ɗinka shi, sannan a ɗan gyara wa sauran fuska. Duk wanda ya taso a Katsina ko Daura a waɗancan shekaru ya san cewa in aka ce gidan gem, PS2 ake nufi, da Winning Eleven da San Andreas. Yara da yawa ba su ma taɓa ganin GameCube da idonsu ba.

Yanzu ka dubi 2013. A shekarar EA ta fitar da gem ɗinta na ƙwallo, FIFA 14. Ta kai shi PS2, na'ura mai shekara 13. Ta kai shi tsohuwar Wii ta Nintendo. Amma ba ta kai shi Wii U ba, magajiyar Wii, wadda ta fito a ƙarshen 2012, sabuwa fil, wadda ta ninka PS2 ƙarfi sau da yawa. Kuma wannan EA ɗin ce shugabanta na lokacin, John Riccitiello, ya hau dandamalin Nintendo a taron baje kolin gem na E3 a 2011 yana alƙawarin ƙawance mai ƙarfi. Zuwa watan Mayu na 2013 kamfanin ya fito ya ce ba shi da wani gem da yake haɗa wa Wii U. Ubisoft ma ta ɗage Rayman Legends, wanda da farko na Wii U ne kaɗai, ta raba shi da PS3 da Xbox 360. Me ya faru? Kasuwa ba ta ci ba. Wii U duk rayuwarta miliyan 13.56 ta sayar. Da ƙarfi ne kaɗai ma'auni, da FIFA 14 bai bi ta kan sabuwa ya faɗa wa tsohuwa ba.

To amma kar ka ɗauka ƙarfi ba shi da amfani, nan ne abokinka ke da gaskiyarsa. Abin da ake dubawa ba wai wa ya fi kowa ba ne, a'a, wa aka bari a baya da nisa. Babban gem na yanzu ɗaruruwan mutane ke haɗa shi, shekaru ana aiki, ana kashe miliyoyin daloli. Ba wanda zai yi wannan wahala sau uku. Sau ɗaya ake ginawa, a aika PlayStation da Xbox da kwamfuta. Tun 2013 PlayStation da Xbox duka kamfanin AMD ke yi masu ƙwaƙwalwa, irin tsarin da kwamfuta ke amfani da shi, shi ya sa kai gem daga wannan zuwa waccan ya yi sauƙi. PS4 ta ɗan fi Xbox One ƙarfin zana hoto, har Call of Duty: Ghosts ya fito da 1080p a PS4, 720p a Xbox One, samari suka yi ta musu a kai. Amma ka lura, duka biyun sun samu gem ɗin. Tazarar taki ɗaya ba ta hana komai, sai dai hoton wani ya fi na wani kyau. Tazarar zango guda ita ce matsala.

Wii ce babban misali. Ta fito a 2006, ta sayar da sama da miliyan 100, ta wuce PS3 da Xbox 360. Kasuwa ta cika maƙil. Amma cikinta GameCube ce da aka ƙara wa ƙwari, ba ta ma fitar da hoton HD. Ma'ajiyar aikinta, wadda mu masu gyara ke kira ram, megabait 88 ce, ta Xbox 360 kuma 512. Kamfanoni ba su guje ta ba, wa zai guji mutum miliyan 100? Abin da suka yi, sai suka riƙa ba ta wani abu daban: gem ɗin rawa, na motsa jiki, na yara, ko a sa wata tawaga ta daban ta sake gina Call of Duty ƙarami. Amma GTA IV da Skyrim da Assassin's Creed na farko-farko ba su shiga ba. Ta samu fatake, sai dai manyan kayan sun kwana a wajen gari.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don yawancin masu musu ba su san abin da ake iya ragewa da wanda ba a iyawa ba. Akwai abin da kamfani zai rage a gem ba tare da ya taɓa ransa ba. Zai rage kaifin hoto, daga 1080p zuwa 720p ko ƙasa. Zai rage yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, daga 60 zuwa 30. Zai rage inuwa, ya aske ciyawa, ya mai da 'yan kallo a filin ƙwallo kamar hoton kwali. Duk wannan aikin sashen zana hoto ne, kamar ka rage ƙarar rediyo. Lokacin da nake da PS3 da PS4 a jere a shago, FIFA 17 na kan duka biyun, nakan tsaya a baya in kalli talabijin biyun. A ta PS4 kana ganin gumi a goshin ɗan wasa, rigarsa tana kaɗawa, 'yan kallo kowa da motsinsa. A ta PS3 mutum ɗaya ne aka maimaita shi sahu-sahu, duk su ɗaga hannu lokaci guda. Yara suna bin layi a PS4, amma in layi ya yi tsawo sai su zauna a PS3 su buga, don ƙwallo dai ƙwallo ce.

Abin da ba ya raguwa cikin sauƙi shi ne aikin babbar ƙwaƙwalwa da kuma ram. Lissafin motoci ɗari a titi, kowace da inda za ta, tunanin maƙiya, yadda gini ke rushewa, girman garin da dole na'ura ta riƙe a kanta lokaci guda. In ka rage waɗannan, gem ɗin ya zama wani abu daban. Switch ta 2017 tana da ram gigabait 4, PS4 na da 8, PS5 na da 16. Ƙwaƙwalwarta, Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, dangin ta wayar hannu ce, an yi ta don ta yi aiki da batir ba tare da ta ƙona maka hannu ba. Saboda haka kai mata babban gem ba aikin danna maɓalli ba ne, sana'a ce mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da suka yi suna a wannan dako kawai: Panic Button ta shigar da Doom a 2017, Saber Interactive ta shigar da The Witcher 3 a 2019, hotonsa na sauka zuwa 540p in kana riƙe da ita a hannu. Aiki ne na gwanaye, kuma kuɗi ne. Hogwarts Legacy ya fito a PS5 a farkon 2023, bai iso Switch ba sai watan Nuwamba. Me ya sa aka yarda aka biya wannan dako, alhali Wii U ba a biya mata ba? Sama da mutum miliyan 150 ne ke bayan ƙofar. Sannan Nintendo ta koyi darasi, tun farko ta tabbatar injinan haɗa gem irin su Unreal Engine 4 da Unity suna aiki a Switch.

Wannan maganar inji tana da muhimmanci a ƙwallo. Daga FIFA 17 EA ta koma injin Frostbite a PS4 da Xbox One, PS3 kuma aka bar ta a tsohon inji. A Switch ma haka, daga FIFA 20 zuwa FIFA 23 abin da ake kira Legacy Edition ake ba ta, wato a sabunta sunayen 'yan wasa da riguna, wasan kuwa na bara ne. Sai a 2023, da EA Sports FC 24, wato FIFA da aka canza wa suna, Frostbite ya shiga Switch. Na'urar ba ta ƙara ƙarfi ba tsakanin 2017 da 2023. Masu ita ne suka ƙaru har lissafin ya fita.

Yanzu GTA V ɗin da ka tambaya. Nan ne zancen ƙarfi ke faɗuwa warwas, don gem ɗin a PS3 ya fara fitowa a 2013, na'urar da duka ram ɗinta megabait 512 ne. Rockstar kuma ba ta ƙi Switch ba, ta kai mata L.A. Noire a 2017, tsoffin GTA uku a 2021, da Red Dead Redemption a 2023. A ganina, abin da ya tsare shi ɓangaren intanet ne, GTA Online, wanda nan ne kuɗin yake kuma kullum ƙara mashi kaya ake. Ko a PS3 da Xbox 360 sai da aka daina sabunta shi, aka rufe shi gaba ɗaya a Disamba 2021. Call of Duty kuwa, na ƙarshe da ya taka na'urar Nintendo kafin zamanin Switch shi ne Ghosts a Wii U, 2013. Gem ne na kowace shekara, mai son hoto 60 a daƙiƙa, mai cin wurin da kan wuce gigabait 100, ita kuma Switch ta asali cikinta gigabait 32 ne. A 2023, lokacin da Microsoft ke neman hukumomi su amince mata ta sayi Activision mai Call of Duty, ta sa hannu da Nintendo kan yarjejeniyar shekara 10 ta kawo gem ɗin. Ka ga ke nan wani lokacin ba ƙarfi ba ne, ba ma yawan masu saye ba, siyasar ciniki ce.

Akwai kuma wani abin da fatake ke dubawa: mutanen da ke cikin kasuwar, me suke saye? In ka duba gem ɗin da suka fi sayuwa a Switch, sahun gaba kusan duk na Nintendo ne da Pokémon, Mario Kart 8 Deluxe kaɗai ya wuce miliyan 60. Wanda ya sayi Switch, galibi don Mario ya saya, in yana son FIFA ko Call of Duty yana da PlayStation a gefe. Mai rumfa kuwa ba ya jin daɗin kasuwar da mai kasuwar ne ya fi kowa ciniki.

Mutane kan manta da mazubi, wato abin da ake zuba gem ɗin a ciki, alhali ya taɓa kayar da sarki. Nintendo 64 ta 1996 ta fi PlayStation ta farko ƙarfin lissafi, amma da katirij take aiki, mafi girmansa megabait 64, ga tsadar bugawa. Faifan CD na ɗaukar wajen 650, ga araha. Kamfanin Square, wanda ya yi shekaru yana tare da Nintendo, ya kwashe Final Fantasy VII ya kai PlayStation a 1997 a kan faifai uku, wasu da dama suka bi shi. Har yau wannan ciwo bai warke ba. A Switch 2, da ta fito ranar 5 ga Yuni 2025 da ram gigabait 12 kuma ta zo da Cyberpunk 2077 tun ranar farko, kamfanonin waje da yawa suna sayar da katin da mabuɗi ne kawai a ciki, gem ɗin sai ka sauke daga intanet. A Turai wannan ƙorafi ne na masu son tara kaya. A Daura kuwa kuɗin data ne da kwana biyu kana gadin netwok.

Ƙarfin da ke da wuyar sarrafawa ma ba ya jawo kowa. PS3 ta zo da ƙwaƙwalwar Cell, a takarda dodo ce, amma masu haɗa gem sun sha wuya da ita, shi ya sa a shekarun farko gem da yawa na kamfanonin waje sun fi tafiya sumul a Xbox 360. Sony ta ji jiki, ta dawo tsarin kowa da kowa a PS4.

Sai ɗayan ɓangaren, inda kwaɗayin yawan jama'a ke sa a cusa kaya ta ƙofar da ba za ta ɗauka ba. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamba 2020, aka kai shi PS4 don mutum sama da miliyan 100 na riƙe da ita. Ya yi ta sarƙewa har Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yuni 2021, kuma da ƙarin labarinsa ya fito a 2023 ba a sake kai shi PS4 ba. Xbox Series S ma, ƙanwar Series X mai ram gigabait 10, ta jawo jinkirin Baldur's Gate 3: ya fito a PS5 a Satumba 2023, Xbox sai Disamba, saboda raba allo gida biyu don mutum biyu su buga ya gagara a ƙaramar, har sai da Microsoft ta yarda a cire mata shi. Series X ta fi PS5 ƙarfin zana hoto a takarda, amma ta jira wata uku saboda ƙanwarta.

To PS4 ɗinka fa? Kamfanonin ƙwallo su ne na ƙarshe da ke tashi daga kasuwa. PS2 ta samu FIFA har 2013. PS3 ta 2006 ta samu har FIFA 19, a 2018. PS4 ta 2013, mai kusan miliyan 117, ta samu EA Sports FC 26 a 2025. Kuma ba dare ɗaya suke tafiya ba, akwai alamu. Da farko sabbin abubuwa su daina zuwa, kamar HyperMotion, fasahar motsin 'yan wasa, da tun FIFA 22 aka keɓe wa sababbin na'urori. Daga nan ka ga an rubuta Legacy Edition a jikin kwali. In ka ga wannan, ka fara tara kuɗin canji, don a PS3 shekara biyu aka yi a haka, FIFA 18 da 19, sannan aka rufe. Manyan gem na yawo cikin gari kuwa sun riga sun yi gaba: GTA VI, PS5 da Xbox Series aka sanar da shi, ba PS4.

Da ni ne kai, ba zan zuba jarina duka a na'ura ɗaya mai tsada ba. Yaran da za su cika maka shago bayan la'asar ƙwallo suke so, da Mortal Kombat, da GTA V, kuma duk PS4 tana da su. Kujera huɗu masu kawo kuɗi sun fi kujera ɗaya ta nuna isa. Ka sayi PS4 biyu ko uku masu lafiya, in hali ya yi ka ƙara PS5 ɗaya don manyan samari da gasar ƙarshen mako, ka sa mata farashinta daban. Ka tuna kuma a intanet mai FC a PS4 ba ya haɗuwa da mai bugun PS5, kowane zamani da nasa fili. Switch ka bar ta, ta gida ce da tafiya, hannayenta ba za su jure hannun yaran kasuwa ba. Sannan ka yi lissafin wuta tun yanzu, don PS5 tana jan kusan wat 200 in tana tsakiyar aiki, ban da talabijin, kuma in da sola ko ƙaramin janareto za ka dogara, wannan ma ƙarfi ne da za ka biya kullum.

In za ka sayi ta hannu, kar ka yarda da gwajin minti biyu a tsaye. Ka sa gem mai nauyi ka bar shi rabin awa, ka kasa kunne ga fanka. In tana kuka kamar babur ya hau tudu, ƙurar hunturu ce ta toshe ta ko man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe. Makon jiya na buɗe wata, abin da na ciro daga fankarta ya kai dunƙulen auduga cikin tafi. Ka duba bakin da wayar talabijin ke shiga ko yana rawa, ka gwada sandunan hannu biyun ko ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba ka taɓa ba. In ka shigo Katsina saye, ka biyo ta shago da su kafin ka hau motar Daura, in buɗe maka su mu gani tare. Ka gaishe mani da su Baba.